Jarin Farko da Zaɓin Tsarin Wasa: Yadda Ake Kafa Wurin Shaƙatawa a Kwamfuta Ba Tare da An Karye Ba

Wasannin kwamfuta na gina wurin shaƙatawa, irin su RollerCoaster Tycoon da Planet Coaster da Parkitect, suna ajiye tambayoyi biyu a gaban mai wasa tun kafin ya shimfiɗa hanya ko ya kafa lilo ko ɗaya: wane tsarin wasa zai bi, kuma da nawa zai fara. Sababbin shiga sukan tsallake waɗannan tambayoyi cikin gaggawa, saboda hankalinsu yana kan jirgin lilo mai hawa da gangara da suke ɗokin ginawa, sai kuma ɗayan abubuwa biyu ya same su. Wanda ya zaɓi tsarin kuɗi marar iyaka yakan gina duk abin da ransa ke so cikin ɗan lokaci, sannan ya rasa dalilin ci gaba. Wanda ya zaɓi tsarin kuɗi ƙayyadadde yakan zuba jarinsa gaba ɗaya a kan gini guda, ya wayi gari asusu ya koma ja, ga albashin ma'aikata yana jira, ga kuɗin ruwa yana hawa, kuma babu ko rumfar lemo da za ta kawo masa sisi. Abin da wannan jagora ke son nunawa shi ne cewa jarin farko ba na gina wurin da mutum yake mafarki ba ne. Aikinsa shi ne sayen abubuwan da za su riƙa kawo kuɗi a kowane wata, domin daga wannan kuɗin ne za a gina wurin mafarkin daga baya.

Tsare-tsaren wasa da abin da kowanne ke bukata

Ko da yake sunaye suna bambanta daga wasa zuwa wasa, tsare-tsaren sun kasu ne gida uku. Na farko shi ne na matakai, wanda ake rubuta wa Career ko Campaign a kan allo, inda ake miƙa maka fili ko wani wurin da aka riga aka fara ginawa, tare da ƙayyadadden jari da burin da za ka cimma. Na biyu shi ne Sandbox, inda babu buri, kuma galibi babu iyakar kuɗi. Na uku yana tsakaninsu: fili ne fetal babu komai a kansa, jari kaɗan, kuma ba wanda ya tsara maka labari, kamar tsarin Challenge na Planet Coaster, wanda kamfanin Frontier Developments na birnin Cambridge a Ingila ya fitar a watan Nuwamban 2016.

Wannan rabe-raben ya daɗe. Wasan Theme Park na kamfanin Bullfrog, wanda ya fito a 1994, ya riga ya raba wahalarsa mataki uku, daga mai sauƙi wanda ba ya damun mutum da lissafi, zuwa cikakke wanda sai mai wasa ya kula da bincike da sayen kayan shaguna da cinikin albashi da ma'aikata har da hannun jari. A cikinsa ana fara wa mutum da fili kyauta a Birtaniya, idan wurin ya bunƙasa ya sayar da shi ya sayi fili a wata ƙasa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara wasan tare da Peter Molyneux shi ne Demis Hassabis, a lokacin yana matashi ɗan shekara goma sha bakwai, wanda a 2024 ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai. RollerCoaster Tycoon na farko kuwa, wanda Chris Sawyer ya rubuta kuma ya fito a 1999, bai zo da tsarin Sandbox ba sam: matakai ne a jere, sai ka ci na gaba ake buɗe maka na bayansu. Sai a kashi na uku na wasan, na 2004, aka samu cikakken Sandbox mai kuɗi marar iyaka, tare da matakai 18 waɗanda kowannensu ke da buri hawa uku, daga na ɗan koyo zuwa na hamshaƙi.

Shawarata ga wanda bai taɓa yin irin waɗannan wasanni ba ita ce ya fara da tsarin matakai, ya bar Sandbox sai daga baya, duk da cewa Sandbox ne ya fi kama da mai sauƙi. Dalili kuwa shi ne matakan farko an tsara su ne domin koyarwa: filin ƙarami ne, nau'o'in lilon da aka buɗe ba su da yawa, kuma burin yana gaya maka abin da za ka sa a gaba. A Sandbox ana zube maka ɗaruruwan kayayyaki a lokaci guda, babu abin da zai hukunta ka idan ka yi kuskure, saboda haka babu abin da zai nuna maka cewa kuskure ne. Amfanin Sandbox na gaskiya biyu ne: ga mai son zane da ƙawa, wanda bai damu da kasuwanci ba, da kuma ga mai son ya gwada ƙirar jirgin lilo ya adana ta, domin ya ɗauko ta a shirye ranar da yake wasa da kuɗi ƙayyadadde. Wannan na biyun dabara ce da ta cancanci a riƙe, domin gyara da rushewa a tsakiyar wasa suna cin lokaci, lokaci kuma a tsarin matakai yana da wa'adi.

Abin da za a karanta kafin a kashe ko sisi

Da zarar an buɗe mataki, a dakatar da agogon wasan, a karanta abubuwa huɗu. A tsofaffin RollerCoaster Tycoon ba a iya gini idan an dakatar da agogo, amma ana iya duba komai, kuma wannan dubawar ita ce ta fi muhimmanci a cikin dukan wasan.

Na farko shi ne buri da wa'adinsa. Shekara a RollerCoaster Tycoon wata takwas ce kawai, daga Maris zuwa Oktoba, kuma tana ɗaukar kusan sa'a guda a agogon gaske. Matakin farko na wasan 1999, Forest Frontiers, yana neman baƙi 250 a cikin wurin a ƙarshen Oktoban shekarar farko, da makin wuri, wato ma'aunin ingancin wurin, aƙalla 600 daga cikin 999. Wannan buri ne na yawan jama'a, saboda haka duk abin da ke jawo mutane yana kuma riƙe su shi ne abin saye. Amma akwai matakan da ke neman darajar wuri ta kai wani adadi, akwai masu neman a biya bashi kakaf, akwai masu neman jiragen lilo goma mabambanta waɗanda kowannensu ya kai maki 6.00 na armashi, akwai kuma irin Bumbly Bazaar na kashi na biyu, wanda ribar abinci da abin sha da tsaraba kawai yake lissafawa. Yadda za a kashe jarin farko a kowane ɗayan waɗannan daban ne, kuma wanda ya bi hanya ɗaya a dukansu zai ci wasu ya faɗi wasu ba tare da ya gane dalili ba.

Na biyu shi ne asalin kuɗin da ke hannunka. A buɗe shafin kuɗi, a duba layin bashi. A Forest Frontiers dala 10,000 da ke rubuce a ƙasan allo ba naka ba ne, rancen banki ne gaba ɗaya, kuma haka lamarin yake a matakai da dama. A wannan shafin ne za ka ga adadin kuɗin ruwa, kuma idan ka danna kibiyar ƙara bashi, wadda ke hawa dubu-dubu, za ka gano iyakar abin da banki zai yarda ya ba ka. Jarinka na gaskiya shi ne abin da ke hannu haɗe da abin da za ka iya rantowa, kuma da wannan jimlar ake tsara shekarar farko.

Na uku shi ne hanyar karɓar kuɗi. A wasan 1999 ana iya karɓar kuɗin ƙofa a kuma karɓi na kowane lilo. A kashi na biyu, na 2002, mai tsara mataki ne ke zaɓar ɗaya: ko dai a biya a ƙofa a hau komai kyauta, ko a shiga kyauta a biya a kowane lilo. Bambancin yana da girma. A wurin da ake biya a ƙofa, baƙo sau ɗaya yake ba ka kuɗi mai kauri, bayan nan sai ɗan abin da zai kashe a shaguna, saboda haka abin da kake bukata shi ne sababbin fuskoki a kai a kai. A wurin da ake biya a kowane lilo kuwa, baƙon da ya daɗe a ciki yana zagayawa shi ne abokin arzikinka, muddin aljihunsa bai bushe ba, shi ya sa na'urar cirar kuɗi, wadda ta zo a kashi na biyu, take cikin abubuwan farko da ya kamata a kafa idan tana cikin jerin abin da aka buɗe.

Na huɗu shi ne hane-hane. Rainbow Valley ya hana sare bishiya da sauya fasalin ƙasa, Pickle Park ya hana talla, wasu matakan sun hana gini ya wuce tsayin bishiyoyi. Akwai ma matakan da babu kuɗi a cikinsu kwata-kwata, kamar Arid Heights da Extreme Heights, waɗanda mutum zai ɗauka hutu ne, alhali sharaɗinsu shi ne kada makin wuri ya sauka ƙasa da 700, idan ya sauka ya zauna a nan kusan wata guda a rufe wurin.

Yadda za a raba dala dubu goma

Mu ɗauki fili marar komai da jarin dala 10,000, a wurin da ake biya a kowane lilo, domin shi ne yanayin da ya fi koyar da mutum.

A fara da ƙananan lilo biyu ko uku a kusa da ƙofa: lilon dawakai mai juyawa da kiɗa, da sulɓi mai murɗewa, da gidan fatalwa ko lilon kwale-kwale. Kowannensu ɗaruruwan daloli ne kawai, ana kafa shi cikin daƙiƙa kaɗan, kuma da shi za a buɗe wurin nan take. Kada a jira sai an gama babban gini kafin a buɗe ƙofa, domin kowane mako da ƙofa ke rufe mako ne na biyan kuɗin ruwa ba tare da ciniki ba. Akwai kuma wani dalili da ba a rubuta a kan allo ba: wasan yana lissafa yawan baƙin da wuri zai iya ɗauka ne daga yawan lilon da ke buɗe da nau'insu, kuma idan jama'a suka kai wannan adadin sai shigowarsu ta ragu ƙwarai. Ƙananan lilo masu arha suna ɗaga wannan adadin da kuɗi kaɗan.

Bayan nan sai jirgin lilo guda ɗaya, kuma a nan ne yawancin mutane ke karyewa. Ya zama gajere, mai arha, wanda ba zai ci fiye da rabin jarin ba. Sabon shiga ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙirarrun da wasan ya zo da su a shirye, domin farashinsu a rubuce yake kafin a kafa, kuma an riga an san makinsu. Wanda zai ƙera da kansa ya sa ido a kan maki uku da ake bai wa kowane jirgi bayan gwaji: armashi, da tsanani, da tashin zuciya. Armashi ne ke kawo kuɗi. Tsanani idan ya haura 10 sai baƙi su tsaya a bakin layi su kalli jirgin su juya, makin armashin ma ya faɗi, wato an kashe dubban daloli a kan abin kallo. Abin da ke jawo haka galibi shi ne shiga kwana mai tsauri da gudu mai yawa, maganinsa kuma shi ne a faɗaɗa kwanar, a karkata ta, ko a sa ta a saman tudu inda gudu ya ragu. Haka kuma dogon jirgi ba lalle ne ya fi gajere riba ba. Abin da ke cika asusu shi ne yawan mutanen da ke hawa a cikin sa'a, saboda haka gajeren layin dogo mai doguwar tasha da jirage biyu ko uku suna bin juna yakan fi ƙaton gini mai jirgi ɗaya kawo kuɗi, a kan kaso kaɗan na farashinsa.

Sai shaguna, waɗanda ba su da tsada amma rashinsu yana korar mutane: rumfar abinci ɗaya, ta abin sha ɗaya, banɗaki ɗaya, da rumfar bayani a bakin ƙofa. Rumfar bayani tana sayar da taswira, wadda ke rage ɓatan hanya, tana kuma sayar da laima. A kashi na biyu na RollerCoaster Tycoon, da zarar sama ta yi duhu aka fara yayyafi, za ka ga baƙi sun yi dafifi a rumfar suna sayen laima ko nawa aka sa mata, har zuwa dala 20 da ita ce iyakar farashi, cikin ɗan lokaci hanyoyin wurin su cika da laimomi masu launi ɗaya. A matakin da ake yawan ruwan sama wannan kaɗai yana iya biyan albashin wata. A tuna kuma cewa idan ana ruwa baƙi suna guje wa lilon da ke fili su nufi masu rufi, saboda haka gidan fatalwa da lilon dawakai suna ci gaba da ciniki a lokacin da jirgin lilo ya zauna babu kowa.

Ma'aikata a ɗauke su da ƙididdiga. A kashi na biyu mai shara yana karɓar dala 50 a wata, makaniki 80, mai gadi 60, mai nishaɗantar da jama'a 55. A farko makaniki ɗaya da masu shara biyu sun isa, a shata wa kowannensu yankin da zai riƙa zagayawa, a tabbatar an cire wa masu shara aikin yankan ciyawa, in ba haka ba sai su bar hanya cike da amai da shara su shige cikin ciyawa su yini a can. A ajiye benci da kwandon shara a bakin fitar jirgin lilo, inda masu jiri ke zama. Mai gadi yana iya jira, domin ɓarnar kujeru da fitilu tana farawa ne idan baƙi sun fusata da ƙazanta ko cunkoso, kuma wurin da ke da tsabta ba kasafai yake bukatarsa da wuri ba.

Abubuwa uku ne ke cinye jari a ɓoye: daidaita ƙasa, sayen ƙarin fili, da dogayen hanyoyi. Ɗaga tudu ko haƙa tafki yana iya lashe dubu cikin jan linzami sau biyu, kuma ba a dawo da wannan kuɗin. Hanya mai faɗi ko mai rassa da yawa kuwa, ban da kuɗinta, tana ɓatar da baƙi a tsohon wasan, ɓatattun baƙi kuma suna saukar da makin wuri. Hanya ɗaya da ta zagaya ta dawo inda ta fara, lilo a hagu da dama, ta fi komai a shekarar farko.

Game da bincike, wanda shi ke buɗe sababbin lilo, akwai matakan kuɗi huɗu: babu, dala 100, dala 200, da dala 400 a wata. Idan mataki ya ba ka nau'o'in lilo da za su ishe ka shekara guda, a sauke shi ƙasa a watannin farko. Idan kuma babu jirgin lilo mai kyau a jerin, ko babu rumfar bayani, a ɗaga shi zuwa 400, a cire alamar duk fannonin da ba a bukata, musamman kayan ado, har sai abin da ake nema ya fito.

Bashi: yaushe za a ƙara, yaushe za a biya

Mutane da yawa suna gaggawar biyan bashi da kuɗin farko da ya shigo, saboda ganin layin bashi yana damunsu. Ta fuskar lissafin wasan zalla, wannan kuskure ne a mafi yawan matakai. Inda kuɗin ruwa yake kashi 10 cikin ɗari a shekara, bashin dala 10,000 yana cin kusan dala 1,000 a shekarar wasa, wato ɗari da 'yan kai a wata. Jirgin lilo da aka gina da rabin wannan kuɗin, idan a misali mutum 300 suka hau shi a wata a kan dala 5, ya kawo 1,500. A wasan 1999 ma kuɗin ruwan ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce a ranto idan akwai takamaiman abin da za a gina wanda zai fara ciniki nan take, a kuma mayar da kuɗi banki duk lokacin da suke zaune babu aikin yi, tunda ana iya sake karɓo su a kowane lokaci ba tare da wani caji ba. Abin da ba a yi shi ne rance domin ado, ko domin biyan albashi, domin wurin da ba ya iya biyan ma'aikatansa matsalarsa tana cikin farashi ne ko tsarin hanya, kuma ƙarin bashi jinkirta ta kawai zai yi.

Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa ko da a wasa ne yana da mafita: ana iya cin matakan farko ba tare da ƙara ko dala ɗaya a kan bashin da aka tarar ba, sai dai ginin zai tafi a hankali, kuma a editan mataki, inda mai wasa ke tsara matakin kansa, ana iya farawa da bashi sifili. Ko ba don wannan ba, biyan bashi kafin wa'adi ya cika yana da ma'ana a matakan da suka sa shi cikin sharaɗi.

Farashi, inda jarin ke dawowa

Farashin da wasan ke sa wa sabon lilo da kansa kusan kullum ya yi ƙasa da abin da baƙi za su iya biya, kuma barinsa a haka shi ne asarar da ta fi yawa a wurin sababbin shiga. Ma'aunin da aka saba bi shi ne a sa farashin jirgin lilo daidai da makin armashinsa, wato mai maki 6 a sa masa dala 6, kuma yayin da yake sabo yana ɗaukar fiye da haka. Darajar lilo a idon baƙi tana kan ganiyarta a wata biyar na farko, ta ɗan sauka har zuwa wata goma sha uku, ta tsaya daidai har zuwa wata arba'in, wato shekara biyar ta wasa, daga nan ta riƙa raguwa. Idan akwai lilo biyu iri ɗaya a buɗe, darajar kowannensu tana raguwa da kwata. Baƙon da ya biya kuɗin ƙofa kuwa kwatan abin da zai biya a lilo kawai yake yarda da shi, wanda ke nufin haɗa kuɗin ƙofa da na lilo ba ninka riba yake yi ba.

Hanyar sanin gaskiya ita ce tambayar baƙin da kansu. A danna kan mutum ɗaya a cikin taron, za a ga sunansa, da kuɗin da ya shigo da su, da abin da ya kashe, da abin da yake tunani a wannan lokacin. A shafin taƙaita tunanin baƙi kuma za a ga mutum nawa ke cewa lilo kaza ya yi arha, mutum nawa ke cewa ba za su biya wannan kuɗin ba. Idan masu cewa ya yi arha sun yi yawa, a ƙara farashi kaɗan-kaɗan har muryarsu ta ɗauke. Idan masu ƙorafi suka bayyana, a rage nan take, domin jirgin da babu kowa a ciki yana ci gaba da cin kuɗin gudanarwa. A wurin da ake biya a ƙofa, a duba aljihun baƙi da dama domin gano mafi ƙarancin abin da suke zuwa da shi, kada kuɗin ƙofa ya wuce wannan adadin, in ba haka ba wani kaso na masu zuwa zai juya daga bakin ƙofa.

Talla tana da ranarta. Tallar wuri gaba ɗaya dala 350 ce a mako, ta lilo guda 200, takardun rangwame kuma 50, kuma baƙin da talla ke kawowa ba sa cikin iyakar da aka ambata a baya. A matakin da ke neman yawan jama'a, a ajiye kuɗin talla domin makonni shida na ƙarshe kafin ƙarshen Oktoba.

Abin da ya bambanta a sababbin wasanni

A Planet Coaster tushen bai canja ba, amma ado ya daina zama almubazzaranci. Farashin da baƙi ke yarda da shi ya danganta da martabar lilo, kuma ƙawata layin jira da gefen layin dogo yana ɗaga wannan martaba, saboda haka kuɗin da aka kashe a kan 'yan bishiyoyi da duwatsu a gefen layin jira yana dawowa ta tikiti. Matakan Career suna da tauraro uku, tagulla da azurfa da zinariya, kuma ba dole ba ne a ci ukun kafin a wuce gaba. A tsarin Challenge, matakin wahalar da aka zaɓa ne ke yanke yawan jarin farko da saurin lalacewar injuna da saurin fushin baƙi, kuma wasan yana kawo ƙananan ayyuka masu lada waɗanda a watannin farko suke da amfani ƙwarai. A mataki mai wuya jarin ba ya isar jirgin lilo na kirki, saboda haka a fara da ƙananan lilo biyu masu ɗaukar mutane da yawa, a jinkirta shaguna, domin kowane shago yana zuwa da mai sayarwa mai albashi, wanda idan ya gaji ko ya raina albashinsa yakan ajiye aiki ya bar shagon a rufe. Kashi na biyu na wasan, na Nuwamban 2024, ya ƙaro wuraren ninƙaya, ya kuma sa dole a tanadi injin wuta da na ruwa, wanda ke nufin wani kaso na jarin farko zai tafi a kan abin da baƙo ba zai taɓa biyan tikitinsa ba. Ya kuma zo da tsarin Franchise, na haɗin gwiwa da wasu 'yan wasa ta intanet.

Parkitect na kamfanin Texel Raptor, wanda ya kammala fitowa a Nuwamban 2018 da matakai 26, ya ƙara wani nauyi na daban: kayan shaguna ba sa faɗowa daga sama, sai 'yan dako sun ɗauko su daga ma'ajiya sun kai, kuma baƙi ba sa son ganin hanyoyin ma'aikata da gine-ginen aiki. Wanda ya warwatsa shaguna a ko'ina zai biya 'yan dako da yawa da shinge mai tsawo. A tara shagunan farko wuri ɗaya kusa da inda ake sauke kaya, bayansu yana kallon hanyar ma'aikata.

Idan kai ne za ka yanke wa kanka jari

Kashi na biyu na RollerCoaster Tycoon ya zo da editan mataki, kuma OpenRCT2, manhajar kyauta da masu sha'awa suka fara ginawa a 2014 domin sabunta wasan, ta faɗaɗa shi, ta kuma ƙara wasa da abokai ta intanet da jerin zaɓuɓɓukan sassauci. Tana bukatar fayilolin ainihin wasan, amma tana tafiya lafiya a kan tsohuwar laftof wadda Planet Coaster ba zai ko buɗe a kanta ba. A editan ana saita kuɗin farawa, da bashin farawa, da iyakar bashi, da kuɗin ruwa, da farashin fili, da matsakaicin kuɗin da kowane baƙo ke shigowa da shi, ko kuma a danna akwatin da ke cire kuɗi daga wasan ɗungurungum.

A cikin waɗannan duka, adadin da mutane suka fi mayar da hankali a kai, wato kuɗin farawa, shi ne mafi ƙarancin tasiri, domin bambancin dala 10,000 da 20,000 yana ɓacewa kafin ƙarshen shekarar farko. Waɗanda ke yanke wahalar wasan har ƙarshensa su ne kuɗin aljihun baƙi, da hanyar karɓar kuɗi, da jerin lilon da aka buɗe tun farko. Mai son wasa mai daɗi wanda ba zai gundure shi ba ya sa jarin da zai isa jirgin lilo matsakaici guda da ƙananan lilo uku da shaguna huɗu, ya sa iyakar bashi ninki biyu ko uku na wannan jarin, ya bar manyan jiragen ƙarfe a cikin jerin bincike domin a samu abin jira. Mai son wahala kada ya rage jari, ya rage kuɗin aljihun baƙi, ya hana talla, ya kuma kunna zaɓin da ke sa jawo jama'a ya yi wuya, wanda a ƙarƙashinsa sai da manyan jiragen lilo masu tsawo da armashi ne yawan baƙi ke ci gaba da hawa bayan ya kai dubu.